Hatsin da Bidi Bai Tauna Ba

Litinin, 3 ga Maris

Shekara ashirin da biyu ke nan ina jiran a gaya min wanda ya ce na saci hatsin Akawal. Har yau shiru. Shekara goma sha tara na yi ina kula da dawaki a bargar masu hali, ba a taɓa kama ni da ko ƙwaya ɗaya a aljihu ba. Tsohon dokin nan Akawal ya rame, ya kwanta, ya mutu. Dogon Likita, likitan dawakin bargar, ya zo ya duba gawa, ya rubuta takarda da yaren ofis, Manaja ya miƙo min ita ya nuna min ƙofa. Shi ke nan. Ba wanda ya zaunar da ni ya ce ga laifinka. A bakin masu shara na ji wai abincin dokin nake sayarwa. Takardar tana nan cikin gwangwani a ƙarƙashin gado, ban taɓa ba kowa ya karanta min ba, kuma ba zan bayar ba. Wanda ya rubuta, shi zai faɗa min da bakinsa.

Abin da ya tono min wannan yau shi ne tela, maƙwabcinmu. Leƙowa ya yi ta saman katanga, ya tambayi tsohuwa, matata, wai ana ba dokin nan abinci kuwa. Dokina Bidi fa. Ni ake tambaya.

Auta ce ta bar min littafin nan da za ta koma gidan mijinta, ta ce in riƙa rubutawa maimakon yi wa mutane faɗa. Ban yi makaranta ba, a jikin buhunan dusa na fara gane baƙaƙe, ita ta ƙarasa min. To ga shi ina rubutawa. Faɗan kuma ban fasa ba.

Laraba, 5 ga Maris

Bidi ya rame, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Haƙarƙari a waje, ƙugu ya tsaya kamar inda ake rataye riga, saman idonsa ya yi rami. Shekararsa ashirin da bakwai. Yana ɗan shekara biyar na saye shi, bayan kora, muka kama jan keken yashi da bulo, da shi na ciyar da gidan nan har yara suka girma. Shekara huɗu ke nan da na kwance masa keke.

Kwano uku na hatsi da safe, uku da yamma. Busasshe, na sheƙe, na tsince tsakuwa da hannuna. Harawa cike da komi. Haka maigidana na farko ya koya min: doki da hatsi busasshe, ka ji yana ƙaras-ƙaras. Jiƙaƙƙen abu na ragon mai doki ne. Kuma Bidi yana ci, kwano ba ya kwana da saura. To ina abincin yake tafiya?

Daga yau huɗu-huɗu.

Asabar, 8 ga Maris

Babban ɗana, Makaniki, ya zo da hannu duk baƙin mai, ya tsaya bakin turke yana girgiza kai. Wai mutane suna magana, wai barin dabba a haka zalunci ne. Ya ce ya yi magana da mai babbar mota, mutumin nan da ke kwashe dabbobin da suka ƙare, kowa kuma ya san inda yake kai su. Na ce sai dai ya haɗa da ni a motar. Ya ce, “Baba, filin nan nawa ne, kunyar ma tawa ce. Ran sha biyar ga watan gobe, in bai fara mayar da jiki ba, mota za ta zo.”

Wannan dokin ne ya kai shi koyon aikin da yake min taƙama da shi. Na tuna masa. Ya ce ya sani, shi ya sa ba ya son ganinsa haka. Zai turo likitar dabbobi ran Talata. Na ce na gama da likitocin dabbobi tun yana wasan ƙasa. Tsohuwa ta ce in ci abinci kafin ya huce.

Mota ba za ta shigo gidan nan ba. Na rubuta.

Lahadi, 9 ga Maris

Kajin tsohuwa sun yi ƙiba har ba sa iya hawa katanga, doki kuwa kamar tsani. Komai na gidan nan a juye yake.

Talata, 11 ga Maris

Likitar ta zo. Yarinya ce, ba ta kai Auta ba, da jaka da takalmin roba. Ta durƙusa ta gaishe ni, wannan kam ba laifi. Na yi tsammanin allura za ta fito da ita, sai na ga ta zagaya bayan doki, ta ɗauki tsinke tana tona kashinsa. Ta kira ni, wai Baba zo ka gani. Hatsi ne a ciki, ƙwaya-ƙwaya, yadda na auna shi haka ya fito. Na ce kowane doki yana yin haka. Ta ce ba kamar wannan ba.

Sai ta leƙa ƙarƙashin komi ta ɗebo dunƙulen harawar nan da yake tofarwa, jiƙaƙƙu, kamar an murza su a tafin hannu. Kullum ina share su. Na ce tsirfa ce ta tsufa, yana zaɓe. Ta naɗe hannun riga, ta kama harshensa ta ja gefe, ta haska tocila. Wai matauna sun cinye, wai gefensu ya yi kaifi yana yankar kumatunsa ta ciki. Ta ce, “Baba, ba rowa kake masa ba. Yana haɗiya ne, ba ya taunawa.”

Abin da ta ce a yi: a daina ba shi hatsi ɗungurungum. A barza, a haɗa da dusa da harawa dakakkiya, a jiƙa da ruwan ɗumi har ya yi laushi, a zuba mai kaɗan da ɗan gishiri. Kaɗan-kaɗan sau biyar a yini, ba tuli sau biyu ba. A canza a hankali, kada cikinsa ya ɓaci. Sannan ta dawo ta goge masa kaifin haƙora da magagari.

Magagari a bakin dokina, sai ka ce ƙarfe a garejin ɗana! Na ce ba a yi ba. Abincin jarirai kuma ta kai wa jarirai. Ba ta yi fushi ba, dariya ma ta yi, abin da ya fi ɓata min rai ke nan. Ta auna kirjinsa da tef ta rubuta. Ban yarda da tef ɗinta ba. Da ta tafi na zagaya masa igiyata a inda majayi ke zama, na ƙulla ƙulli. Igiya ba ta san kowa ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Biyar-biyar. Na ba shi maganin tsutsar ciki, ko da yake na ba shi watan jiya. Za mu gani tsakanin shekaruna arba'in a aikin doki da jakar yarinya.

Juma'a, 14 ga Maris

Da hantsi ya shaƙe.

Yana cikin ci sai ya miƙe wuya, ya ja baya har ragama ta tsaya, ruwa da ɓarɓashin hatsi suna zubowa ta hanci. Na janye kwano, na saukar masa da kai, na kama shafar maƙogwaro daga sama zuwa ƙasa. Ban san iya lokacin da muka ɗauka ba. Tsohuwa tana tsaye da bokiti. Da abin ya wuce ya yi tari biyu, ya jingina goshinsa a kirjina kamar yadda yake yi in mun sauke yashin ƙarshe.

Ban tashi daga bakin turke ba har azahar. Tsufa ne, ba tsoro ba.

Litinin, 17 ga Maris

Igiya ta yi sako-sako. Yatsa biyu suna shiga tsakanin ƙulli da fata. Na ƙara masa kwano huɗu a yini, shi kuma ya ragu da yatsa biyu.

Na ja kujera na zauna ina kallonsa tun safe. Yana ɗaga wutsiya sai kajin nan su kwaso a guje daga bakin akurki, har da faɗa. Tsohuwa ta fito shanya ta gan ni, ta ce Allah ya saka wa Bidi da alheri, wata uku ke nan ba ta watsa wa kaji ko ƙwaya ba. Na ce ta daina wasa da abin da ba na wasa ba. Ta ce, “Malam, ba wasa nake ba. Kai kake aunawa, shi yake dako, su suke ci.”

Shekara arba'in da ɗaya da aure, ba ta taɓa sa min baki a sha'anin doki ba sai yau.

Alhamis, 20 ga Maris

Na kai hatsi wurin mai injin niƙa jiya, na ce ya barza min. Ya tambaya na mene ne, na ce na kajin tsohuwa. Ya ce kajin nan ai ba sa buƙatar ƙari. Kowa a layin nan bakinsa ya fi aikinsa.

Ba don yarinyar ta faɗa ba. Don kada ya sake shaƙewa ne kawai.

Na jiƙa babban baho tun safe, na yini guda, don in huta. Na farko ya ɗan taɓa. Zuwa la'asar ya sunsuna ya kau da kai. Na kira tsohuwa na ce to ga abincin likitarku, ko doki ya fi ta sani. Ta sa hanci ta ce ya yi tsami, wai yarinyar ta ce a jiƙa iya abin da zai ci a lokacin, ita ta ji daga bakin ƙofa, ni ina can ina faɗa ban ji ba. Na zubar. Kaji suka ci. Su dai ba sa asara.

Lahadi, 23 ga Maris

Kwano ɗaya, ruwan ɗumi, na bari ya jiƙa gwargwadon in share turke in ɗebo ruwa. Na murza da yatsa, babu tauri. Ya cinye, ya lashe kwanon har yana tura shi da hanci zuwa jikin katanga. Bai tofar da komai ba.

Yunwa ce. Mai jin yunwa komai ma zai ci.

Laraba, 26 ga Maris

Na bari likitar ta zo da magagarin. Na ce da sharaɗi, ina tsaye, in na ce ta tsaya ta tsaya. Ta yi masa allura ya fara gyangyaɗi, ta sa ƙarfen da ke riƙe baki a buɗe. Kafin ta fara sai ta ce in wanke hannu in sa da kaina, har can ciki.

Ban taɓa yi ba. Bari in rubuta wannan tunda ba mai karantawa. Shekara arba'in da ɗoriya ina ɗaga leɓen doki, in dubi haƙoran gaba in faɗi shekarunsa ban kuskure ba, a kasuwa har kirana ake yi. Amma can ciki inda ake tauna, ban taɓa kai hannu ba. Ba wanda ya nuna min. Maigidana ma bai taɓa ba.

Sumul, kamar dutsen da aka daɗe ana wanki a kai. Guda ɗaya ma babu shi, sai rami. Gefe kuwa kamar fasasshiyar kwalba, sai da ya yanke ni a yatsa. A kumatunsa ta ciki na taɓa gyambo, ya motsa duk da allurar. Da wannan bakin yake cin hatsina busasshe safe da yamma, ina tsaye a kansa ina jin daɗi wai ba ya barin saura.

Ta goge. Ƙarar ba daɗi. Ban ce ta tsaya ba. Da ta gama ta ce haƙori ba zai dawo ba, kaifin kawai ta cire, jiƙon nan shi ne abincinsa har ƙarshen ransa. Na ce na ji. Ta ce in ajiye masa ruwa kusa kullum, in yi masa inuwa. Na ce wannan ba sai an koya min ba.

Talata, 1 ga Afrilu

Da sassafe, da hantsi, da azahar, da la'asar, da faɗuwar rana. Biyar. Na daina zuwa zaman bakin titi, abokan hira sun aiko wai ko na yi sabon aure. Na ce a gaya musu e, amaryar ba ta da haƙori.

Harawa sai na daka a turmi, tsohuwa tana mita na lalata mata taɓarya. Man girkinta ma wai ya fara ƙarewa da wuri. Babbar mitar ita ce kaji. Yanzu in Bidi ya ɗaga wutsiya sukan zo su tona, su tona, su koma. Yau ta watsa musu hatsi da hannunta, tana hararata.

Ina kallon kajin suna komawa sai wani abu ya faɗo min a rai. Tantabaru. Ba zan rubuta ba.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Igiya ba ta ƙara sako-sako ba, ba ta kuma matse ba. Saura kwana goma sha biyu.

Asabar, 5 ga Afrilu

To bari in rubuta, tunda ya ƙi barina in yi aiki.

A bargar can akwai tantabaru a rufi. Ɗakunan dawaki goma sha shida ne a jere, amma bayan ɗakin Akawal suke taruwa, har masu shara suna kiran wurin kasuwar tantabaru. Muna dariya. Ni ma ina dariya. Kuma ƙarƙashin kominsa akwai dunƙulen ciyawa kullum safiya, ni nake sharewa da hannuna, ina ce masa tsohon banza mai zaɓen abinci. Da ya fara ramewa na ƙara masa kwano. Ya ƙara ramewa na ƙara kwano. Shekararsa ta kai ta Bidi ko ta fi.

Ban saci ƙwaya ɗaya ba. Wannan yana nan, ko gaban wa zan faɗa. Duk abin da aka ba ni na zuba masa.

Na zuba masa dai.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Yatsa ɗaya kawai ke shiga yanzu, shi ma da ƙyar. Na auna sau uku, na kira tsohuwa ta auna, don kada a ce son kai. Gashinsa ya fara kwanciya. Da na fito da kwano ya yi haniniya, rabon da in ji ta tun kafin auren Auta.

Makaniki ya biyo da yamma. Ya zagaya doki, ya ƙirga haƙarƙari da yatsa kamar mai duba tayar mota, ya ce har yanzu ana gani. Na ce wanda ya rame a shekara ba ya cika a sati uku, shi ma da ya yi zazzaɓi yana ƙarami wata biyu muka yi muna lallaɓa shi. Ya ga turmi da baho, ya ce ashe an koma abincin jarirai. Na ce dabarata ce, na daɗe da saninta. Tsohuwa ta yi tari daga ɗaki. Tarin nan na san shi.

Ya ce ran sha biyar dai tana nan, likita ce za ta yanke. Na ce ta zo.

Talata, 15 ga Afrilu

Tun safe na goge shi, na taje geza, na share turke sau biyu. Tela yana saman katanga kamar an gayyace shi.

Ta zo tare da Makaniki. Ta sa tef ɗinta, ta duba littafinta, ta sake sawa. Ni ma na sa igiyata. Ƙulli ya zauna daram, ko tsinke ba ya shiga. Ta tona kashi da tsinke, babu ƙwaya. Ta ce da Makaniki dokin nan ya juyo, a ba shi wata uku a gani, ita ba za ta sa hannu a ɗauke shi ba. Ya fita waje yana waya. Da ya dawo sai ga shi da buhun dusa a kafaɗa, ya jingine a bakin rumfa. Wai wani ne ya ba shi, ba shi da inda zai kai. Ƙarya yake, irin tawa. Buhun tun safe yana cikin motarsa.

Na ce da tela ya sauka kada ya faɗo, an tashi kasuwa.

Tana wanke hannu na tambaye ta wa ya koya mata sa hannu a bakin doki. Ta faɗi malaminta, wani dogo, ya tsufa yanzu, ya bar aiki, yana zama a shagon maganin dabbobi na ɗansa. Wai kullum yana ce musu in tsohon doki ya rame, a fara da baki kafin a zargi kowa. Na tambaya ko ya taɓa aiki a bargar masu hali. Ta ce ya daɗe a can.

Ashe yana raye.

Na shiga ɗaki na jawo gwangwanin. Ta ga takarda a hannuna ta ce in kawo ta karanta min. Na ce a'a, 'yar nan, ba ke kika rubuta ba.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Na nuna wa tsohuwa yadda ake jiƙon, na hantsi da na azahar ita za ta ba shi gobe. Ta ce ta iya tun kafin ni. Na bar ta.

Makaniki zai kai ni shagon da safe. Takarda tana aljihun riga, ta yi laushi wajen ninkin, sai a hankali. Shekara ashirin da biyu ina shirya abin da zan faɗa wa Dogon Likita, na haddace shi tsaf, yau na nema na ga rabinsa ba ya shiga. Maganar wanda ya ce na yi sata, oho, masu shara ne, ƙila ma ba ta cikin takardar. Ban sani ba. Ban taɓa sani ba.

Ba gafara zan je nema ba, kada wani ya ɗauka haka. Tambaya zan kai. Ranar da ka tsuguna kan gawar Akawal, ka buɗe bakinsa ko ba ka buɗe ba? In ka buɗe, me ka gani? In abin da na taɓa a bakin Bidi ka gani, don me ka rubuta wa Manaja da yaren da ba na ji, ni da ke riƙe da kwano ina tsaye a bayanka ba ka juyo ka ce zo ka sa hannu a bakinsa ba? Wata nawa kana wucewa ta gaban ɗakinsa yana raye? Yarinya ƙarama ta nuna min a yini ɗaya.

In kuma abin da ke cikin takardar nan laifina ne, ka karanta min shi a fuskata, kalma-kalma, da Hausa. Zan tsaya in ji har ƙarshe. Na iya tsayawa yanzu, na tsaya an goge bakin dokina ban ce uffan ba.

Amma sai ka amsa min. Kujera zan ja in zauna a ƙofar shagon, ba inda za ni. Kuma ka yi sauri, la'asar tana yi Bidi zai fara neman kwanonsa.